Ado Ahmad Gidan Dabino: Tsakanin Alƙalami, Kyamara da Taskar Adabi

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan wani ɓangare na aikin Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda aka haifa a 1964, da manazarta ba su cika waiwaya ba.

Tun fitowar In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, akasarin sharhin da aka yi masa ya tsaya ne a bakin rijiyar da Sumayya ta faɗa saboda an hana ta Muhammad. An zargi marubucin da koya wa 'yan mata bijirewa iyaye, har Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa irin waɗannan littattafai sunan Adabin Kasuwar Kano. Sai dai wanda ya karanta littafin da idon basira zai ga cewa auren dole ya girmi labarin nesa ba kusa ba. Marubucin bai haƙa rijiyar ba, nuna ta kawai ya yi. Inda ya cancanci suka shi ne wajen gina taurari: Abdulƙadir mai dukiya ya fito baƙi ƙirin, Muhammad talaka kuma fari fat, alhali rayuwa ba ta cika rabuwa gida biyu haka ba.

Da aka mayar da labarin fim a 1994, shekara huɗu bayan Turmin Danya, ya isa ga matan aure da waɗanda ba su iya karatun boko ba.

Amma babban abin lura shi ne ƙungiyar Raina Kama, wadda ya jagoranta tare da su Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba. Littattafanta sukan zo da jerin sunayen ayyukan 'yan ƙungiyar. Talla aka nufa da shi, ba shakka, amma ya zamo aikin adana tarihi. An buga littattafan ne a kan takarda mai araha, ba kasafai ɗakunan karatu suka damu da ajiye su ba, da yawa kuma sun salwanta. Mai son sanin wa ya rubuta me a Kano a wancan zamani, ko dai ya koma ga waɗannan shafuka na ƙarshe, ko ya nufi tarin da Graham Furniss ya haɗa a Landan.