Tarken Salon Kayan Gwajin Manhaja: JUnit da pytest da RSpec

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu ɗora kayan gwajin manhaja guda uku bisa faifan nazari. Gwajin da muke nufi shi ne a keɓe ƙaramar gaɓa ta manhaja, a ba ta aiki, a duba ko amsarta ta dace da wadda ake tsammani. Ma'auninmu ɗaya ne, wato ran da gwaji ya faɗi, ko zai kai mai gyara inda ɓarakar take.

2.0 Nazari

Kent Beck da Erich Gamma ne suka ƙirƙiro JUnit a 1997 domin harshen Java, bisa zubin SUnit na Smalltalk. Tsarinsa a bayyane yake, amma umarnin assertEquals yana da tarko: amsar da ake tsammani ce ke fara zuwa, sannan wadda aka samu, alhali TestNG ya juya wannan jeri. Wanda ya musanya su, gwajinsa zai yi aiki, sai dai saƙon faɗuwarsa zai kira amsar kirki kuskure.

Shi kuwa pytest, wanda Holger Krekel ya faro a 2004 domin Python, kalmar assert kaɗai ta wadatar da shi, kuma idan gwaji ya faɗi yakan baje ƙimar kowane ɓangare. Rauninsa shi ne kayan shimfiɗar gwaji da sunansu kawai ake kiran su, sau da yawa daga fayil ɗin conftest.py, har mai karatu ya rasa mafitarsu.

RSpec na Ruby, wanda ya bayyana a 2005, ya ɗauki siffar jimlar Turanci, da kalmomin describe da it da expect. Daɗin karatu gare shi, amma kwamfuta ba ta auna bayanin da aka rubuta bayan it. Saboda haka bayanin yana iya alkawarta abu, umarnin da ke ƙarƙashinsa ya gwada wani daban.

3.0 Kammalawa

Bisa ma'aunin da muka gindaya, pytest ne ya yi fice, domin saƙonsa ya fi nuna ciwo. Amma harshen da aka rubuta manhaja da shi ne yakan yi wa mutum zaɓi. Don haka shawararmu ita ce kowane gwaji a faɗar da shi da gangan sau ɗaya, a karanta saƙonsa, kafin a amince da shi.