Sunan Waƙa da Labarin Asalinsa: Nazarin "In-A-Gadda-Da-Vida"

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba matsayin labaran da masu sauraro ke bayarwa game da asalin sunan waƙa. An ɗauki misali daga kiɗan rok na Amurka, wato waƙar "In-A-Gadda-Da-Vida" wadda ƙungiyar Iron Butterfly ta fitar a 1968. Tsawonta ya kai minti 17, har ta cika fuska guda ta faifan garmaho.

2.0 Ruwayoyi Biyu

Sunan nan ba shi da ma'ana a Ingilishi. Masu sha'awar ƙungiyar sun haɗu a kan cewa Doug Ingle, wanda ya tsara waƙar, "In the Garden of Eden" ya yi nufin faɗa, wato cikin lambun da Adamu da Hauwa'u suka zauna. Saɓaninsu shi ne yadda lafazin ya gurɓace. Ruwaya ta farko, wadda makaɗin gangarsu Ron Bushy ya bayar, ta ce Ingle ya sha giya har harshensa ya yi nauyi, shi kuwa Bushy ya rubuta abin da kunnensa ya jiye masa. Ta biyu ta ce Bushy na sanye da abin saurare a kunne lokacin da aka faɗa masa sunan, sai bai ji da kyau ba.

3.0 Tsokaci

A ganinmu, gardamar ta kauce wa tambayar da ta dace. Kowace ruwaya aka ɗauka, bayanin aukuwar kuskuren kawai ta yi. Abin nazari shi ne dalilin da ya sa ƙungiyar ta bar shi bayan ta gane, alhali gyara ba wuya. Amsar tana cikin waƙar. Baitocinta kaɗan ne, a farko da ƙarshe suke zuwa. Tsakiyar duk kiɗa ne, har da doguwar gaɓa ta ganga zalla. Waƙar da amo ya rinjayi kalma a cikinta, suna mai amo kurum ya dace da ita. Da an gyara shi, da mai sauraro ya shiga neman jigon Adamu da Hauwa'u, wanda baitocin ba su warware ba.

4.0 Kammalawa

Irin waɗannan labarai adabin baka ne, sun cancanci a tattara su a kwatanta. Amma manazarcin da ya ɗauke su a matsayin fassarar waƙa ya bar jaki yana dukan taiki. Bushy ya rasu a 2021, Ingle a 2024, saboda haka faifan ne shaidar da za a koma wa.