Idan Keke Ya Zama Jagora a Bakin Tekun Barcelona

A watan Yulin 2020 masana'antar da ke garin Bedford a jihar New Hampshire ta Amurka ta daina ƙera Segway, keken nan mai taya biyu gefe da gefe wanda ake hawa a tsaye. A lissafin 'yan kasuwa ya mutu ke nan. Amma wanda ya je bakin tekun Barcelona da hantsi, kusa da dogon ginshiƙin da aka ɗora mutum-mutumin Columbus a kai, zai rantse yanzu yayinsa ya soma. Ga baƙi nan a jere, biyar ko shida, kowa da hular kwano, kowa ya ƙanƙame sandar riƙo, suna biye da wani matashi da ke ta waiwaye kamar kaza mai 'yan tsaki. Haka abin yake a Lisbon da Malaga da Nice. Keken da aka ce zai kori mota daga birni, a hannun masu yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora ya samu mafaka.

Ba ƙaramin alkawari aka yi a kansa ba. Dean Kamen, wanda ya ƙirƙiro shi, ya fito da shi a gidan talabijin na ABC a Disambar 2001, ya kuma ce abin da mota ta yi wa keken doki, shi Segway zai yi wa mota. An yi hasashen sayar da 10,000 a kowane mako. Sai dai kuɗinsa ya tasam ma dala 5,000, nauyinsa ya kusa kilo 50, ba ya hawa matakala, hukumomi kuma suka rasa inda za su sa shi, kan titi ko gefen titi. Birnin San Francisco ya hana shi bin hanyar masu tafiya a ƙasa tun kafin ya cika kasuwa. A kusan shekara 20 kimanin 140,000 aka sayar duka-duka, wato cinikin mako 14 bisa wancan hasashe. Kamfanin Ninebot na ƙasar Sin ya saye shi a 2015, kuma a hannunsa aka rufe masana'antar.

Abin da ya hana shi karɓuwa wurin ma'aikaci mai zuwa ofis bai dami mai yawon shaƙatawa ba. Baƙo ba saya zai yi ba, haya ce ta sa'a biyu. Koyonsa kuma ba wuya. Ba shi da totur, ba shi da birki irin wanda muka sani. Ka karkata gaba ya tafi, ka ja jiki baya ya tsaya. Na'urorin da ke ƙarƙashin ƙafarka suna auna karkatar jikinka sau 100 a daƙiƙa guda, su sa tayoyin su bi ka don kada ka kifa. Minti goma ko sha biyar na gwaji a wani fili, shi ke nan, an kama hanya. Gudunsa na iya kaiwa kilomita 20 a sa'a, ninki huɗu ke nan na tafiyar ƙafa.

Ni ba ni da rigima da keken. Damuwata ita ce abin da ya yi wa sana'ar jagora. A da, jagora nagari yakan zaɓi labarin da zai ba baƙo, sannan ya zaɓi hanyar da za ta kai su wurin labarin, ko da lungu ne, ko da matakala ce, ko da sai an shiga cikin gini. Yanzu keke ne ke zaɓar hanya, hanya kuma ta zaɓi labari. Segway na son wuri mai faɗi, shimfiɗaɗɗe, marar cunkoso. Duk inda bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, ya fita daga tsarin yawon, komai nauyin tarihinsa.

A Barcelona wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin wurin da ya fi dacewa da keken shi ne wurin da aka gyara musamman don idon baƙi. Yawancin yawon yakan tashi daga tsohuwar tashar jiragen ruwa, Port Vell, ya bi gefen unguwar Barceloneta, ya miƙe kan doguwar hanyar bakin rairayi zuwa Port Olímpic inda ƙaton kifin ƙarfen nan na Frank Gehry yake ƙyalli, sannan ya juyo ta lambun Ciutadella zuwa Arc de Triomf. Baƙo zai koma masauki da yaƙinin cewa tun fil azal haka birnin yake, fuskarsa a teku, rairayi a ƙofar gida. Alhali kafin gasar Olympics ta 1992, mutanen garin da kansu sukan ce birninsu ya juya wa teku baya. Masana'antun Poblenou da rumbunan kaya da layin dogo ne suka tare gaɓar. Layin dogon ma ba na jiya ba ne, tun 1848 aka shimfiɗa shi zuwa Mataró, na farko a babban yankin Sifaniya. Don gasar aka kawar da su, aka zubo yashi, aka dasa itatuwan dabino na ado, aka rushe rumfunan sayar da abincin teku da suka daɗe a Barceloneta. Har yau idan guguwa ta kwashe yashin, sai an sake kawo wani.

Akwai wani yanki na rairayin da ake kira Somorrostro. Taya takan wuce shi cikin minti biyu. A wurin nan dubban talakawa suka zauna cikin bukkokin katako da kwano, yawancinsu 'yan ci-rani daga kudancin ƙasar da kuma 'yan ƙabilar Roma, teku na shiga musu ɗaki duk lokacin da ya fusata. A nan aka haifi Carmen Amaya, wadda ta zama ɗaya daga cikin manyan masu rawar flamenco a duniya. A 1966 aka share unguwar gaba ɗaya, gab da wani atisayen sojan ruwa da Janar Franco zai halarta. Ban ce babu jagoran da ke ambaton wannan ba. Akwai masu yi, kuma Allah ya san wasunsu sun karanci tarihin garinsu fiye da yadda aikin ke buƙata. Amma ka yi tunanin yadda ake ba da irin wannan labari ga mutum shida da ke tsaye kan keke, kowa na ƙoƙarin kada ya sulale baya, ɗaya na neman inda zai ɗauki hoto, wata ƙungiyar kuma na tahowa a baya tana jiran wuri. Jimla biyu, a yi murmushi, a ci gaba.

Ita kanta Barceloneta, gefenta kawai ake bi. Titunanta ƙunci gare su, dogaye a miƙe, wanki na lilo daga tagogi. Soja ne ya zana unguwar, aka fara gininta a 1753, kuma asalinta na komawa ga 11 ga Satumba 1714, ranar da birnin ya faɗa hannun dakarun Sarki Felipe na Biyar bayan doguwar ƙawanya. Sarkin ya sa aka rushe wani babban ɓangare na unguwar La Ribera, aka gina ganuwar soja a wurin, bakin bindigoginta na kallon mutanen gari. Inda wannan ganuwa ta tsaya shi ne lambun Ciutadella da baƙi ke zagayawa a yau suna ɗaukar hoton maɓuɓɓugar ruwa da agwagi. Masoya ƙwallo a nan gida da suka sha jin 'yan kallo a Camp Nou sun ɓarke da ihun neman 'yancin kan yankinsu daidai minti na 17 da daƙiƙa 14, to, wannan shekarar suke tunawa. Ragowar gidajen da aka rushe na nan a ƙarƙashin tsohuwar kasuwar El Born, an buɗe su ga jama'a tun 2013, tafiyar 'yan mintuna daga lambun. Sai dai dole a sauka, a shiga da ƙafa. Saboda haka ba a cika zuwa ba.

Wani wurin ma a bakin hanyar yake, ba a buƙatar ratsewa. A ƙarshen titin Via Laietana, kusa da babban gidan waya, akwai dandalin da mutum-mutumin Antonio López ya tsaya fiye da ƙarni guda. Attajiri ne na ƙarni na 19 wanda ake danganta wani ɓangare na dukiyarsa da cinikin bayi a Cuba. A Maris 2018 hukumar birni ta sauke shi, daga baya aka sa wa wurin sunan Idrissa Diallo, wani matashi ɗan ƙasar Guinea da ya rasu a 2012 a gidan tsare baƙin haure na birnin. 'Yan taku kaɗan daga nan, shekara da shekaru samari 'yan Afirka ta Yamma, akasarinsu 'yan Senegal, sun yi ta shimfiɗa mayafi suna kasa takalma da jakunkuna, a shirye su tattara su ruga idan 'yan sanda sun ɓullo. A 2015 suka kafa ƙungiyarsu, daga baya har suka fito da tufafi masu tambarinsu, Top Manta. Ga mai tafiya a ƙasa, waɗannan mutane ne da za a yi wa sallama a tambayi labarinsu. Ga mai Segway kuwa, abin kaucewa ne a kan hanya. Keken ya ɗaga shi sama da taƙi guda, hannuwansa biyu a ɗaure, idonsa na kan taya. Ko niyyar gaisuwa yake da ita, ba hannun da zai miƙa.

Jagoran ma abin tausayi ne. Rabin hankalinsa na kan lissafin kai: wa ya tsaya a baya, wa ke gudu fiye da kima, ina yaron da ya ɓallo daga hannun uwarsa. Kuma tsoronsa na da tushe. Shugaba George W. Bush ya faɗo daga kan Segway a 2003. A Beijing a 2015 wani mai ɗaukar hoto ya kwashe ƙafafun Usain Bolt da shi jim kaɗan bayan ya lashe tseren mita 200. Jimi Heselden, ɗan kasuwar Ingila da ya sayi kamfanin kafin Ninebot, a kan Segway ya rufta daga wani tudu zuwa kogin Wharfe a Satumbar 2010, ya rasu. Mutumin da ke ɗauke da alhakin ƙashin baƙi shida ba za ka zarge shi ba idan ya taƙaita tarihi.

Masu kare harkar suna da hujja, kuma ba duka zan watsar ba. Gaɓar Barcelona doguwa ce, zafin Agusta ba wasa ba, wanda kuma ya sauko daga jirgin ruwan yawo da sa'o'i kaɗan a hannu ba zai iya taka ta da ƙafa ba. Ga daɗi kuma. Wanda ya ce ba daɗi a sulalawa bakin teku iska na kaɗa shi, bai faɗi gaskiya ba. Inda ban yarda ba shi ne batun tsofaffi da masu ciwon gwiwa. Tsayuwar sa'a biyu cur a kan ɗan mataki, ba lanƙwasa ƙafa, ba ita ce hutun mai ciwon gwiwa ba. Abin mamaki, fasahar tsayuwar ta samo asali ne daga iBOT, keken guragu mai hawa matakala da Kamen ya ƙera tun farko. Wancan an yi shi ne don ya kai mutum inda ƙafarsa ba ta iya zuwa. Wannan kuwa masu ƙafa lafiya yake ɗauka, ya hana su zuwa inda ƙafar za ta kai su.

Mazauna garin sun daɗe da ƙosawa. A Agustan 2014 mutanen Barceloneta suka fito zanga-zanga kan rashin ɗa'ar baƙi da gidajen haya na kwana-kwana. Zamanin magajiyar gari Ada Colau, an hana Segway bin bakin teku a bazarar 2016, sannan a 2017 aka kafa dokar da ta tilasta wa masu haya tafiya da jagora, mutum shida ƙarshe, kan hanyoyin da aka ware. Birnin Prague ya kore shi daga tsakiyarsa a 2016. Na fahimci fushin, duk da ina ganin keken ya zama abin huce haushi ne saboda shi ido ya fi gani. Ba Segway ne ya tsawwala kuɗin haya a unguwar da gidajenta da yawa ba su wuce murabba'in mita 30 ba. Wannan matsala ita magajin gari Jaume Collboni ya tunkara a 2024 da ya ce zuwa ƙarshen 2028 za a soke lasisin gidajen haya na 'yan yawo kimanin 10,000. Amma ita ma dokar ware hanyoyi ta zo da nata sakamakon: ta ƙara killace baƙo a kan shimfiɗaɗɗiyar hanyar 1992, nesa da duk lungun da mutanen gari ke zaune.

Da ni ke da irin wannan kamfani, da na raba yawon gida biyu. A hau keke a ci nisan bakin teku, a more iska, a yi hoto. Idan an iso bakin Barceloneta a ajiye kekuna wurin yaron shago, a cire hular kwano, a shiga kasuwar unguwar da ƙafa, a zauna a sha wani abu, jagora ya samu rabin sa'a ba ya ƙirga kowa. Na san abin da mai kamfani zai ce: keke a ajiye ba ya kawo kuɗi, kuma baƙo keken ya biya, ba lacca ba. Yana da gaskiya a kan na biyun, kuma shi ya fi damuna, domin a tallace-tallacen yawon sunan keken ne a gaba, sunan birnin a baya.

Tunda an daina ƙera shi, waɗanda ke kan hanya tsofaffi ne da ake lallaɓawa da gyara da sauyin batir. Kamfanonin da yawa sun riga sun ƙara da kekunan lantarki da ƙananan baburan nan na tsaye masu taya gaba da baya. Su waɗannan ba sa tsayuwa da kansu, kuma sun fi jan mutum ga gudu, don haka jeren baƙi zai ƙara tsawo a bayan jagora, wuraren tsayawa kuma su ragu.