Mudi Sipikin: Yabo Ya Yi Yawa, Karatu Ya Yi Kaɗan

'Yan'uwana mata, tun da Alhaji Mudi Sipikin ya rasu a 2013 ake ta yabonsa, amma wa ke karanta shi? Da Sa'adu Zungur ya rubuta "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", yana cewa a riƙe sarauta a gyara ta, sai Mudi, ɗan NEPU, ya mayar masa da "Arewa Jumhuriya Kawai". A zamanin da ake ɗaure manomin Ɗambatta ko Bichi saboda haraji, wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Gaskiya wasu baitocinsa kamar labarin jarida suke, ado kaɗan. To, ai don kunnen talaka ya tsara su. Addu'a kam mun yi, saura mu karanta wa 'ya'yanmu. Allah Ya jiƙansa, amin.