Jinjina ga Masu Gyaran Rediyo na Gwandu da Kalgo

Masu gyaran rediyo da fitilar sola, abin da ya fi burge ni a sana'arku shi ne mitar da wasunku ke haɗawa da hannu: batir, tsohuwar allurar awo, da wayoyi biyu, ja da baƙa. Kafin ya auna komai, mai gyara yakan haɗa bakin wayoyin, ya murɗa maɓalli har allura ta tsaya cak kan sifili, domin batir in ya yi sanyi awo karkacewa yake yi. Daga nan ya gwada ta da rizisto mai zoben ruwan ƙasa da baƙi da ja, wato om 1,000. Sai ta faɗi daidai sannan yake taɓa kayan mutane.