Takardar Hutun Azumi: Dalilin da Ya Sa Ba Mu Sa Hannu Ba

Kwana biyun nan wasu matasanmu na Sabo suna zagaya masallatai da shaguna da wata takarda, suna neman a sa hannu a kai wa gwamnatin Oyo, wai a riƙa rufe makarantu duk watan azumi. Sun same mu da ita bayan La'asar, muka karanta, muka mayar musu ba mu sa hannu ba. Da yake har an fara cewa liman ya ƙi taimakon addini, gara mu faɗi dalili a nan kowa ya ji.

Hujjar takardar guda ɗaya ce, wai an yi a Arewa. Gaskiya ne, a azumin 2025 Bauchi da Katsina da Kano da Kebbi sun ba da hutun kusan mako biyar, ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi ta ƙorafi. To amma 'yan'uwa, can in an rufe, kowa aka rufe wa. Nan Ibadan fa? Ajin da ɗanka yake akwai Bayarabe Musulmi, akwai Bayarabe Kirista, akwai ɗan Ibo. Gwamnati ba za ta rufe musu wata guda ba, masu takardar ma sun sani. Abin da za a samu kawai shi ne iyaye su ga sun sami hujjar ajiye yara a gida, 'yan ajinsu suna ci gaba da karatu. Ranar WAEC da JAMB kuwa takarda iri ɗaya za a ajiye wa kowa.

Kuma tun yaushe azumi ya zama dalilin barin aiki? An yi yaƙin Badar ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan Hijira. Mu kanmu wa ya taɓa rufe rumfarsa don yana azumi? Mai goro yana kan huhunsa, ɗan canji yana bakin titi, mai shanu yana kara tun asuba. Yaron firamare ma da ake ta tausayi, azumin bai wajaba a kansa ba tukuna.

Inda muke da kuka na gaskiya, takardar ba ta ko taɓa shi ba, wato ranar Sallah. Gwamnatin Tarayya takan sanar da hutu tun kafin a duba wata, alhali sai daren 29 ake jin sanarwar Sarkin Musulmi. Ku tuna ƙaramar Sallar 2024: an ba da Talata da Laraba, 9 da 10 ga Afrilu, wata bai tsaya ba, sai da aka ƙara Alhamis. Gwamnati ta gyara nata, amma sau nawa makarantun kuɗi suke gyarawa? Mun gani a gidanmu. Wata makaranta ta sa wa 'yarmu gwaji washegarin Babbar Sallah, ana tsakiyar aikin nama, da muka je aka ce jadawali ne, ba a taɓawa. Ga kuma Juma'a, da wasu ke riƙe yara har huɗuba ta wuce. Waɗannan ana iya samunsu, don Yarbawa Musulmi ma suna tare da mu. Ileya ba ƙaramin biki ba ne a wurinsu.

Sai dai mu ma wallahi da namu laifin. An ba da kwana biyu, mu sai mu kwashi yara mu hau mota zuwa gida, ba a dawo ba sai bayan mako biyu ko uku, an tsaya bikin ƙanwa, an tsaya gaisuwar mutuwa. Da wane baki za ka yi wa hedimasta maganar kwana ɗaya? Taron iyayen yara kuma, inda ake tsara waɗannan abubuwa, a je a ƙirga Hausawa nawa ke zuwa. Wanda muka halarta na ƙarshe, mu uku ne.

Mun ce wa matasan su sake rubuta takardar a kan abu biyu: kada a sa gwaji ranar Sallah da washegarinta, a kuma sallami yara kafin Juma'a. In sun kawo wannan, sunanmu ne na farko, kuma mu za mu biya kuɗin bugawa.