Fatsar Lallaɓa: Ƙaramin Koto da Lafiyar Kifin Bas a Amurka

Bas kifin ruwan daɗi ne da asalinsa ke Arewacin Amurka, kuma mafarauci ne mai kai bara ga ƙananan kifaye da kwaɗi da ƙwari, abin da ya sa ake iya yaudararsa da koton da ba na gaske ba. Iri biyu ne suka fi shahara, wato mai babban baki da mai ƙaramin baki, kuma a kansu ne aka gina wata al'adar fatsa wadda ta sha bamban da kamun kifi irin na neman abinci, domin mafi yawan masu yin ta kan mayar da abin da suka kama cikin ruwa da ransa. A cikin wannan al'ada akwai salon da za a iya kira fatsar lallaɓa, inda ake barin manyan kotuna masu ƙara da walƙiya a koma ga ɗan ƙaramin koton roba da siririn zare da sanda mai laushi, a riƙa jan koton a hankali kamar wata halitta marar ƙarfi da ke kiwo a ƙasan ruwa.

Wani babban tushe na salon yana yankin tsakiyar Amurka, musamman birnin Kansas, inda Chuck Woods ya yi suna wajen sarrafa ƙananan kotuna tun a shekarun 1950. Ned Kehde, marubuci mazaunin Lawrence a jihar Kansas, shi ne ya daɗe yana bayyana hanyar a mujallar In-Fisherman, har aka laƙaba sunansa ga haɗin da ya fi yaɗuwa a yau. Haɗin Ned bai wuce ƙugiya mai ɗan kan ƙarfe wanda nauyinsa ke kusa da giram 2 ba, a soke ta cikin guntun roba mai kama da tana wanda tsawonsa yake wajen santimita 7. Robar da kamfanin Z-Man ke yi tana da halin tasowa sama, don haka idan kan ƙugiyar ya zauna a ƙasa sai wutsiyar ta miƙe tsaye tana kaɗawa, kuma wannan ɗan motsi ya isa ya ja hankalin kifin da ya saba ganin manyan kotuna har ya daina kula su.

Al'adar sakin kifi kuwa tarihinta na haɗe da gasa. Ray Scott, wanda ya shirya gasarsa ta farko a tafkin Beaver na jihar Arkansas a 1967 kafin ya kafa ƙungiyar masu fatsar bas ta B.A.S.S., ya fara kira ga 'yan gasa a 1972 da su daina kashe abin da suka kama, kuma daga nan ne jiragen fatsa suka soma zuwa da akwatin ruwa mai iska inda kifi ke zama da rai har a auna shi. Sai dai sakin kifi daban, rayuwarsa bayan sakin daban, domin wanda ya yi iyo ya tafi a gaban idon mai fatsa yana iya mutuwa bayan kwana biyu ba tare da kowa ya gani ba. A nan ne fatsar lallaɓa ta cancanci a dube ta da idon basira, saboda siffofin da suka sa take kama kifi da yawa su ne kuma ƙofofin cutar da shi.

Babbar matsalar ita ce haɗiya. Bas ba ya cizon abinci, zuƙo shi yake yi tare da ruwa ta hanyar buɗe baki farat ɗaya, kuma ƙaramin koto mai laushi ba ya ba shi dalilin tofarwa. Tun da yake ana kamun ne da zare mai ɗan sako-sako, sau da yawa mai fatsa ba ya jin komai a hannunsa, kuma kafin ya ankara ƙugiyar ta wuce leɓe ta kai maƙogwaro ko gaɓoɓin numfashi da ke gefen kai, inda rauni kan jawo zubar jini mai kisa. Maganin wannan ya fi rataya a kan kula fiye da kaya: sa ido a kan zare, da ɗaga sanda da zarar ya motsa gefe ko ya yi nauyi. Masu taka-tsantsan kan ƙara da danne ɗan haƙorin da ke bayan tsinin ƙugiya da filaya, domin ta fita ba tare da yaga nama ba, ko da hakan zai sa wani kifin ya kuɓuce. Idan kuma ta riga ta yi nisa, shawarar da hukumomin kula da kifi suka fi bayarwa ita ce a yanke zaren kusa da ita maimakon a fizge ta da ƙarfi.

Siririn zare ma yana da nasa farashin, domin wanda ke tsoron tsinkewarsa yakan ja kokawar ta yi tsawo har kifin ya galabaita, kuma abin ya fi muni a lokacin zafi, lokacin da iskar da ke narke cikin ruwa take raguwa. Haka nan kifin da aka ciro daga zurfi yana fuskantar kumburin jakar iskar da ke cikinsa, saboda iskar da ke zurfin mita 10 tana ninka girmanta idan ta iso sama, kuma bas ba shi da hanyar fitar da ita da sauri, sai ya riƙa yawo a kan ruwa ya kasa nutsewa. Riƙo da busasshen hannu yana goge yauƙin da ke kare fatarsa daga cuta, sannan ɗaga babban kifi a kwance ta muƙamuƙin ƙasa kawai, ba tare da tallafe cikinsa ba, yana iya lahanta bakin da yake ci da shi.

Akwai kuma abin da ake bari a ruwa. Guntayen roba da kifaye ke haɗiya ba sa narkewa a cikinsu, darmar da ake yin kan ƙugiya da ita kuma guba ce ga tsuntsayen ruwa, dalilin da ya sa Birtaniya ta hana ƙananan darmar fatsa a 1987, jihar New Hampshire ta Amurka ma ta yi irin wannan doka a 2000.

Ƙasar Japan, wadda ta ba da gudummawa mai yawa wajen kyautata kayan wannan salo, ta nuna cewa sakin kansa yana da iyaka. An kai bas can a 1925, ya yaɗu ya riƙa cinye kifayen asali, har hukumar lardin Shiga ta hana mayar da shi cikin tafkin Biwa tun daga 2003, ta kuma ajiye akwatuna a bakin ruwa inda ake zuba wanda aka kama. A wannan tafkin ne Manabu Kurita ya kama bas mai nauyin fiye da kilo 10 a 2009, wanda ya yi kunnen doki da na George Perry na jihar Jojiya da ke riƙe da kambun duniya tun 1932.